Faifan da Muka Kai wa Yohanna

Asuba ta yi mana a tashar Kaduna, ni da mai ganga na ƙungiyarmu ta kiɗa, a bayan wata akori-kura mai zuwa Birnin Gwari. Kayanmu garmaho ne mai batir da faifai guda, na naɗe faifan da tawul na rungume.

Wani Bature injiniya ne ya bar mini faifan da zai koma ƙasarsu. Babu muryar mutum a ciki. Ogan, abin kiɗan nan mai madannai, shi ne ke gaba tun daga farko har ƙarshe, ganga da jita suna bin sa. Yakan yi sanyi kamar kiɗan majami'a, can kuma sai ya ɓarke da gudu. Na zaga shagunan faifai, ban sami wanda ya taɓa jin sunan makaɗan ba. Ranar da na fara saurara, Yohanna kawai na tuna. Shi ke kaɗa mana ogan kafin injin masaƙa ya datse masa yatsu biyu na dama bara, ya tattara ya koma noma a ƙauyensu wajen Kazage. Tun daga nan kiɗanmu ya yi lami, har otal ɗin da muke wasa ya fara neman wasu.

Muna wuce Buruku daji ya rufe mu. Damina na ƙarewa, ciyawa ta kai kafaɗar mota, itatuwan doka da maje sun yi duhu. Gwaggon birai suna zaune a tsakiyar hanya, sai direba ya yi ta oda kafin su kauce, suna hararar mu. Tsorona ɗaya, kada rana ta lanƙwasa faifan, don haka na yini ina neman inuwa a tsakanin buhunan gishiri.

Inda muka tsaya shan fura, mai nonon ta ji muna maganar faifai, ta ce a nuna mata. Ta juya shi, ta leƙa hudar tsakiya, ta ce wannan ko ƙwarya ba zai rufe ba. Gasasshiyar doya araha ce a wurin, sai dai har yanzu da sule ake ciniki, naira ba ta zauna a bakin mutane ba.

A Birnin Gwari muka hayi kekuna, muka ratsa rafuka da gonakin dawa. Mun sami Yohanna yana gyaran rumbu, ya ɓoye hannun a aljihu.

"In kun zo mai da ni ne, ku ci abinci ku juya," in ji shi.

Na ce, "Kiɗa kawai muka kawo maka, ɗan'uwa."

Da la'asar muka kunna garmahon a gindin ɗorawa. Mutane suka taru, wani dattijo yana ta tambaya yaushe mai waƙar zai fara. Na ga yatsun Yohanna suna motsi a kan gwiwa. Ya ce in mayar da allurar baya. Ya sake cewa in mayar.

"Ka ji?" ya ce. "Hagun mai kaɗa ogan ɗin nan ne ke ɗauke da nauyin. Hannun daman taɓawa kawai yake yi."

Ya miƙe, muka bi shi zuwa majami'ar ƙauyen, inda akwai tsohon ogan mai feda. Gwajin farko ya watse masa. Ya ture kujera zai fita, sai ga mahaifiyarsa a bakin ƙofa.

"Koma ka zauna," ta ce. "Tun da ka dawo ban ji ka ba."

Ya koma. A hankali hagu ya kama hanya, sauran yatsun dama suka bi. Ba irin kiɗansa na da ba ne, amma mai gangarmu ya fara buga benci bai sani ba.

Da safe Yohanna ya raka mu bakin rafi. Ya ce ba zai bar wa Inna girbi ita kaɗai ba, amma in an gama yankan dawa, kada mu ba kowa kujerarsa. Muka bar masa garmahon da faifan.

Mun iso Kaduna da yamma, ƙafafu sun kumbura. Shekara guda muna aika masa da lallashi ba mu ci nasara ba. Tafiyar nan ta koya mini cewa wanda zuciyarsa ta karaya ba dogon bayani yake bukata ba: ka kai masa abin da yake so har gida, ka yi shiru. Jiya muka fito da ogan ɗinsa, muka kai shi gyara.