Ƙurar Ɗakin Maigida

Bayan la'asar wata tsohuwa take shigowa shagon Yusha'u mai gyaran kayan lantarki a unguwar Jarwal ta Makka, tana janye da injin shara mai zuƙar ƙura ta bututunsa kamar akuya mai gardama. Abayarta ta koɗe ta koma ruwan toka, lallen yatsunta kuwa sabo fil.

Yusha'u yana juya injin yana girgiza kai. Wayar ta tsinke, tsatsa ta cinye gindinsa.

"Hajiya, wannan khalas, ya ƙare, ya daɗe da mutuwa. Gara ki sayi sabo."

"Gyara shi, ya waladi, ɗana," in ji ta, ko ƙiftawa ba ta yi. "Amma kada ka zubar da ƙurar ciki. Ta ɗakin maigidana ce. Kullum da safe nake share masa."

Ya tambayi unguwar, ta faɗa. Ya san wurin sarai. An daɗe da rushe shi, yanzu otal ne tsaye a kai. Wataƙila kewa ce ta taɓa mata hankali, yake ce wa ransa.

Sai ya buɗe murfin. A saman ƙurar akwai ganyen na'ana'a, ɗanye shar, ko yaushi bai yi ba.