Sunan Jamusawa a Gidan Surukaina

A lokacin ina sabuwar amarya a Greensboro, ina karatun digiri na biyu, ina kuma ji da kaina a harkar bincike. Mijina baƙar fata ne ɗan Amurka, amma sunan gidansu na Jamusawa ne. A wurinmu sunan da ke bin naka na mahaifinka ne ko na kakanka, don haka ban kawo komai a raina ba. Na ƙudurta zan binciko asalin sunan in ba surukina, wanda nake kira Baba, kyauta ranar bikin haihuwarsa.

Na shafe watanni a gidanmu na Glenwood ina tonon tsofaffin takardun coci da na jiragen ruwa a intanet. Na gano a Jamus da K sunan ya fara, da ya iso nan masu rubutu suka mai da shi C, wani ya yar da ɗigon kan wasali, wani ya juya haruffan ƙarshe. Na bi shi har wani ƙauye a bakin kogin Rhine. Mijina ya ce in fara tuntuɓar Baba, na ce ai sai kyautar ta rasa armashi.

Ranar taron na miƙe gaban 'ya'ya da jikoki na karanta, har da yi musu barka da samun dangi a Turai. Baba ya ajiye cokali, ya ce bincikena daidai ne, sai dai mutumin da na gano ba kakansu ba ne. Zuriyarsa ce ta mallaki kakanninsu a gona, da aka 'yanta bayi kuma da yawa sunan iyayen gijinsu suka ɗauka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na je ba shi haƙuri bai yi mini faɗa ba. Ya ce in zauna, ya ba ni labarin kakar kakarsa kamar yadda ya ji a bakin tsofaffi, matar da babu takardar da ta riƙe sunanta na yanka.

Na koyi cewa bin haruffa na iya kai ka ƙauyen da suna ya fito, amma ba zai gaya maka yadda ya shiga gida ba. 'Yan uwa, kafin ku tono asalin sunan wani, ku fara durƙusawa gaban tsohon da ke ɗauke da shi.