Baba Mai Huji, Likitan Ciyawar Filin Golf

Kafin 'yan wasa su iso, Baba Mai Huji ya riga ya tuɓe takalmi yana tattaka lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin ƙwallo. Inda ya ji ƙasa ta yi tauri, sai ya durƙusa ya soka yatsa, ya girgiza kai.

Aikinsa huda ƙasa ne. Sawun mutane kan danne ta har ruwa da iska su kasa kaiwa ga saiwa. Sai ya turo injinsa mai haƙora ya ciccire 'yan dunƙulen ƙasa, ya cike gurbin da yashi. Matarsa kan ce, "Mazan mutane na gina gidaje, nawa ramuka yake ginawa, waɗanda ko ɓera ba zai shiga ba!"

Ba da ka yake yi ba. Yakan auna faɗin bakin rami, ya duba tazarar da ke tsakanin ramukan, ya lissafa kashi nawa na fuskar filin zai taɓu. In ya gaza, ciyawa ta shaƙe. In ya zarce, ƙwallo ta yi ta tuntuɓe.

Wata shekara ruwa ya yi yawa, ciyawa ta fara rawaya, ga gasa ta gabato. Da ta mutu, da an rufe filin, masu shara da masu ɗaukar jakunkunan 'yan wasa su koma zaman gida. Manajan filin ya same shi hankali a tashe.

"Baba, in ka huda yanzu, zai warke kafin baƙi su zo?"

"Ranka ya daɗe, zan sa ƙananan haƙora, in matso da su kusa da juna. Iskar da za ta shiga ɗaya ce, amma ƙananan ramuka sun fi saurin rufewa."

Manaja ya amince. Ran gasa fili ya yi kore shar, ƙwallo na sulalewa kamar a kan faranti. Ana tafa wa wanda ya ɗauki kofi, Baba na bayan rumfa yana wanke injin.

Kai ne ka riƙe tukunyar gidaje da yawa, Baba, alhali ko sandar wasan ba ka taɓa kaɗawa ba. Yanzu da gwiwa ta ce a huta, ka koya wa magadanka lissafin kaf, ba ka ɓoye komai ba. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar wasa da jikoki.

Jama'a, in akwai irinsa a wurin aikinku, kada ku jira ranar sallamarsa. Ku je ku gaishe shi yau, ku tsaya ku ga yadda ake yi.