Littafin Teku a Zauren Baduku

Turawa ba su daɗe da zama a Kano ba mahaifina ya rasu, ya bar mini zaurensa a Mandawari da kayan dukanci da tsohuwa, wato Inna. Sana'armu ɗinkin gafaka da tadarishi, abin da malamai ke adana littattafansu a ciki. A lokacin ko inuwar Nasara mutum ya hango sai ya sake hanya, don kowa na da labarin wanda aka kai bariki bai dawo daidai ba.

Wata safiya masinjan wani Bature ya yi sallama, rungume da ƙunshi. Shi ne kuma tafintansa, Bakano ne ɗan'uwanmu, sai dai ya koyi ɗaga hanci. Ya kwance ƙunshin, sai ga tsofaffin littattafai uku, takardarsu ta yi ja don tsufa. Ya ce sun girmi kakan maigidansa, kuma ko a ƙasar Turawa samun irinsu sai an tona. Na tambaye shi abin da ke ciki.

"Labarin masu jirgin ruwa ne," in ji shi. "In suna tsakiyar teku, rana na nuna musu kudu da arewa. Amma nisan da suka yi gabas ko yamma, wannan ya gagare su, jirage suka yi ta farfashewa a kan duwatsu. Wasu suka ce a auna da tafiyar wata a sama, wani kuma ya ƙera agogon da igiyar ruwa ba ta rikita shi."

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin unguwa ba, na gyaɗa kai kamar na gane. Ya ce maigidansa na tsoron gara, ya kuma ga littafin wani malami ya burge shi, saboda haka a yi musu irin na malamai. Haka ya faɗa, kuma har gobe ina kan bakana cewa abin da aka ce in yi shi na yi.

Littafin malamai ba a ɗinke shi. Warƙa-warƙa yake, a jera a cikin tadarishi, a ɗaure, a sa a gafaka. Na ɗauki wanda ya fi tsufa, bangonsa ya ruɓe, zarensa ya saki. Da na duba sai na ga kowane shafi akwai kalma guda a can ƙasa ita kaɗai, ita ce kuma ke buɗe shafi na gaba, daidai yadda marubutanmu ke yi don kada warƙoƙi su rikice. Na ce ashe dai asalinsa a sake yake, wani wawa ne ya ɗinke. Na sa wuƙa na yanke zaren, na ɓare tsohon bangon na ajiye a gefe.

Da masinja ya leƙo ganin aiki ya tarar da littafin a warwatse kan buzu, sai ya jingina da bango.

"Malam, ka kashe mu," ya ce a hankali. "Wannan shi ne wanda ba ya bari ko kuku ya taɓa."

Na daina cin abinci. Ko jaki ya wuce ƙofar zaure sai in ji kamar dogarai ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai Inna ce: idanunta sun fara rauni, ba ta da kowa sai ni, in aka ɗaure ni wa zai kai mata ko ruwa? Ban gaya mata komai ba. Na zauna na mayar da warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ina gwada siffar kalmar ƙasa da ta sama, tunda ban iya karatunsu ba. Akwai wata doguwar takarda mai ninki da aka zana cikin agogon, ƙarafa zagayayyu masu haƙora birjik; na bi ta a hankali don kada in yage ta. Na ɗinke shi tsaf, na yi masa sabon bango na jar fatar akuya. Ban taɓa aiki mai kyansa ba.

Ranar da zan kai, na nemi tsohon bangon in haɗa da shi, babu. Na birkice zauren. Inna ta jiyo motsina daga cikin gida ta fito tana lalube.

"Wannan ruɓaɓɓen? Ai na tsince shi a ƙasa ina shara. Na kai shi kusa da ido na ga akwai rubutu a cikinsa. Rubutu a ƙasa, ɗan nan, kaji na bi ta kai? Na ƙona shi, tokar na binne a gindin bango, inda ƙafa ba ta zuwa."

Haka ake yi a gidanmu tun kaka da kakanni. Takarda mai rubutu ba a barin ta a wulaƙance, ko ta waye, don ba ka san ko da sunan Allah a ciki ba. Na ce mata ta kyauta.

A bariki na tuɓe takalmi tun daga nesa na durƙusa. Baturen saurayi ne, siriri, zazzaɓi ya ɗashe masa fuska. Ya karɓi littafin ya shafa fatar, ya yi ta buɗe shafuka, ya ware zanen agogon ya ninke. Har na fara zaton na tsira. Sai ya koma farko, ya buɗe bangon, ya tsaya yana kallon cikinsa fari fat. Ya yi magana gajeriya.

"Yana tambaya ina tsohon bangon," in ji masinja. "Ya ce akwai rubutun hannun mahaifinsa a ciki, wanda ya yi masa kafin ya rasu a teku."

Na ce ya ƙone. Ya tambaya wa ya ƙona. Na hango dogarai a tsakar gidanmu suna jan tsohuwa da ba ta gani sosai, na ce ni ne.

Na sunkuyar da kai ina jiran a kira masu bulala. Da ban ji an kira kowa ba, na saci kallonsa. Yana zaune, babban yatsansa na kai da komo a kan farar takardar, idonsa ya kaɗa. Ni da nake jiran tsawa, wannan ya fi razana ni, don ban san abin da Nasara ke yi in ya yi kuka ba. Can ya ɗaga hannu ba tare da ya dube ni ba, masinja ya ce in tashi in tafi, a kuma dawo da sauran biyun yadda suke.

Sai da na shigo ganuwa sannan na zauna a bakin hanya kusa da masu sayar da itace har suka fara tambayata ko lafiya. Na yi watanni ina jiran a zo a kama ni, ba wanda ya zo.

Ranar nan da na isa gida Inna na zaune a ƙofar ɗaki tana kaɗi. Ta juyo wajen da ta ji takuna.

"Ya ji daɗin aikin?"

"Ya ji daɗi, Inna."

"Ka gaya masa mun killace masa rubutunsa?"

Na ce na gaya masa. Ta yi murmushi ta ci gaba da murza mazarinta.