Tubarkalla a Bututun Malamin Dabbobi

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar toka, sai jar akuyar kakata ta faɗo mini a rai. Kada ku ce akuya ce kawai. Nonon innarmu ya ƙafe tun ƙanena bai fara zama ba, madarar akuyar nan ce ta riƙe shi.

Da kakar waccan shekarar, an gama yankan dawa, dagaci ya aiko cewa za a yi nunin amfanin gona a Ƙanƙara, kowane gida ya kai dabba. Baba ya ce akuyar za a kai. Kaka ba ta yi masa musu ba. Da safe dai na tarar ta dama toka tana shafe akuyar tun daga wuya har wutsiya.

"Kaka, mummuna za mu kai gasa?"

"Ke 'yar nema, riƙe igiya. Bakin mutane ya fi wuƙa."

Abin da take tsoro ke nan, kambun baka: a yabi abu ba a ce tubarkalla ba, ya lalace.

Filin ya cika maƙil. Ga dammunan gero, ga auduga tsibi-tsibi, ga Fulanin wajen Faskari da fararen shanu, ga mutanen Sabuwa da ragunansu. Can gefe kalangu na tashi ana dambe, gardawa kuma sun zo da kura a ɗaure. Kurar nan nake son gani. Ƙafata sai ƙaiƙayi take, ina jin ihun yara, amma an dasa ni a rana da igiya a hannu. In na matsa, Kaka ta fizgo zanena.

Malamin dabbobi ya iso layinmu, Bature na biye da shi. Ya buɗe bakin akuyar ya duba haƙora, ya taɓa hantsa, sannan ya goga tafinsa a bayanta. Toka ta kau, jan gashi ya fito yana sheƙi. Sai ya ɗaga bututun da yake magana da shi.

"Jama'a, ku zo ku ga akuya! Duk filin nan babu irinta. Ku dubi hantsa!"

Ya tsaya nan. Mutane suka yo ca a kanmu, kowa da idonsa biyu.

Kaka, wadda ko a zauren gidanmu ba ta ɗaga murya gaban maza, ta sha gabansa.

"Malam, ba ka ƙarasa ba."

"Mi ya rage, Iya? Kin ci ta ɗaya."

"Akwai jinjiri shina shan ta. Ƙarasa."

Ya gane. Ya yi 'yar dariya, ya ce tubarkalla ƙasa-ƙasa.

"A'a. A bututu ka yaba, a bututu za ka ƙarasa."

Baba ya rasa inda zai sa kansa. Wani mahauci ya ce, "Malam, yau kai ake dubawa haƙora!" Wuri ya kaure da dariya. Malamin ya ɗaga bututu ya ce, "Tubarkalla, masha Allah!" Filin ya amsa gaba ɗaya, har Baturen ya gwada, ya karya kalmar gida uku. Sai a sannan Kaka ta karɓi bokitin da aka ba ta kyautar zuwa ta ɗaya. Ta ce mu tafi, yaro na jin yunwa. Ko wutsiyar kura ban gani ba. Na yi ta ƙunƙuni har gida.

Da na shiga sakandare na sha gaya mata camfi ne, akuya ba ta san bututu ba. Ta ce to, na ji, 'yar boko. Yanzu ba ta nan, kuma a wurin nuni lasifika ke yabon dabbobi, ba mai tsayar da kowa.

Kwanan baya wata abokiyar aikina ta ga ƙanena ya zo hutu, ta ce, "Kai, wannan saurayi ya yi tsawo!" Ta tsaya nan. Na jira, na jira, sai na ji bakina ya ce, "Ba ki ƙarasa ba."