Shafi Ɗaya Ta Roƙa

Da aka ba mu jihar Zamfara, aka ce kowane ma'aikaci ya koma inda aka binne cibiyarsa, sai na tattara kayana daga Sakkwato na dawo. Ni 'yar Ƙaura ce, ɗiyar alƙali, amma takardar aiki ba ruwanta da wannan. Zurmi ta jefa ni, makarantar 'yan mata, in koyar da Hausa. A lokacin aurena bai daɗe da mutuwa ba, ba ɗa ba jika. Aka ba ni ɗaki ɗaya da baranda a ƙarshen layin gidajen malamai, daidai inda gonakin gero suka fara. Idan aka tashi daga makaranta, daga ni sai akwatin littattafaina.

Duk ƙarshen mako idan na je gida, sai na biya wajen wani mai hayar littattafai kusa da tashar jirgin ƙasa na ɗebo. Na soyayya, na tarihi masu labarin yaƙi da ganuwa, daga baya kuma da aka ƙaddamar da shari'a sai ga na wa'azi sun cika teburinsa, irin waɗanda kowa sai ya tuba a shafin ƙarshe. Ina da wani littafin rubutu da nake yi wa kowanne sharhi a ciki, in ba shi maki bisa goma kamar 'yan ajina. Ban taɓa ba wani sama da shida ba. Ba wanda ya sa ni, ba kuma mai karantawa. Bakina ne dai ba ya iya shiru, ko da babu mai saurare.

A shekara uku mai saurare ɗaya na samu, wata ma'aikaciyar jinya a asibitin garin. Zazzaɓi ya kai ni hannunta. Tana ɗaura mini ruwa ta hango littafi a jakata, ta tambaye ni ko a ƙarshe yarinyar ta auri wanda take so. Daga ranar muka ƙulle. Bayan la'asar takan zo barandata, ta tuɓe takalmi, mu baje gyaɗa muna ɓarewa muna tankaɗe da rairayar marubuta. Ni ce mai wuƙa, ita ce mai ceto.

"Ke dai ba ki da tausai," takan ce. "Mutum shi zamna shi rubuta abin ga duka, ki ba shi ukku?"

"Ukkun ma don tawada na," in ce da ita.

Sai ta yi ta dariya har da dukan cinya. Da 'yan kabu-kabu suka daina ɗaukar mata, na ɗauka hirarmu ta mutu, don gidanta yana can ɗaya gefen gari. Sai ga ta a ƙafa, hijabinta jiƙe da gumi. Ban taɓa gaya mata ba, amma tun azahar nake fara duban hanya.

Wata Laraba ta zo da leda a ƙarƙashin hijabi. Littattafan rubutu uku ne irin na 'yan makaranta, cike har bango. Ashe shekara biyu tana rubuta labari, ba ta taɓa ko ɗaga mini zancen ba.

"Maigida ya ce bai hana ni bugawa," ta ce, idonta a kan gyaɗa, "amma lokaci ya sake. Sai in wani na gidan malamai ya sa hannu ba abin da yas saɓa ma shari'a ciki. Ke ko ɗiyar alƙali ta. Shahi guda nika so, irin wanda aka sawa gaban littahi."

Na san abin da take nufi sarai. Ta'aliki ne, 'yan layukan da wani mai mutunci kan rubuta a farkon littafi, ya ce ya karanta, bai ga aibu ba, Allah ya sa albarka. Ba a sa maki a ciki, ba a kuma tone-tone. Na ga ɗaruruwansu, na san yadda ake yi. Ba zan ce rashin sani ne ya kai ni ba.

Ranar Asabar ban je gida ba, na zauna da shi tun hantsi. Labarin wata mai sayar da fura ne a tashar Ƙaura, zamanin kakanninmu da jirgi yake sabo, da wani mai zuba wa injin gawayi da ke zuwa sau ɗaya a mako. Soyayyarsu duka minti kaɗan ce, yana sama ta tagar injin, tana ƙasa da ƙwarya. Akwai wani babi da jirgin bai zo ba. Shafi goma sha ɗaya babu abin da ya faru, yarinya ce kawai zaune, fura tana tsami, tana kasa kunne a ƙarfen dogo, mutane suna watsewa ɗaya bayan ɗaya. Ina kai ƙarshensa na kifa kai a kan gwiwa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka miƙo mini takardar saki.

Da hawayen suka bushe, sai wani abu ya taso mini, kuma yau zan kira shi da sunansa, hassada ce. Shekara ashirin ina karatu ina yanka na wasu, ban taɓa haɗa layi biyar nawa ba. Ga mai allura da ma'aunin zafi, wadda ko "ne" da "ce" ba ta raba su da kalma, ta rubuta zamana a barandar nan fiye da yadda ni zan iya faɗa. Na ɗauko jan biron da nake duba jarrabawa.

Shafi bakwai na cika. Na ce ta ɗaura wa talaka agogon hannu a zamanin da babu shi. Na ce ta rubuta da bakin Zamfara alhali akwai daidaitacciyar Hausa. Na ce budurwa tsaye tana hira da namiji a tasha, me mutane za su ce a irin wannan lokaci? Wasu gyare-gyaren gaskiya ne, shi ya sa sauran ma suka yi kama da gaskiya. Da na iso babin jiran nan, na ja masa layi daga sama har ƙasa, na rubuta a gefe: a cire, ba ya ciyar da labari gaba. Kukan da na yi kuwa bai samu ko layi ɗaya ba a cikin shafi bakwai ɗin.

Da ta zo, a tsaye ta karanta, ba ta tuɓe takalmi ba. Ta ninke takardun ta sa a leda tare da littattafanta.

"Na gode, Malama. Allah shi ƙara sani."

Zuwanta ya fara ja da baya, daga kullum zuwa mako-mako. Kafin kaka aka yi wa mijinta canjin aiki zuwa Shinkafi, ta bi shi. Na koma cin gyaɗata ni kaɗai. Ina karanta littafi in kai wani wuri na ban haushi, in ɗaga kai zan yi magana, sai bango. Kaɗaici na farko ƙaddara ce, wannan kuwa ni na saya da hannuna, shi ya sa ya fi ciwo. Girman kai ya riƙe ni wata biyar.

Da aka yi hutu na zauna na rubuta shafin da ta roƙa. Na wuce abin da aka saba, na faɗi gaskiya, cewa babin da jirgi bai zo ba ya fi duk abin da na taɓa karantawa. Ranar Alhamis na shiga motar 'yan kasuwar Shinkafi, a kujerar mata ta baya, takardar tana cikin jakata.

Ta tarbe ni da murnarta, ba alamar riƙo. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Kafin in buɗe baki ta shiga ɗaki ta fito da littattafan rubutu biyu sababbi.

"Kamar kin sani! Na gyara dut abin da kic ce, ban bar ko guda ba. Wata huɗu nis sha ina kwahewa. Diba ki gani."

Ta tafi ɗora tukunya, na buɗe. Rubutu tsaf, kowace kalma a mazauninta. Yarinya ta daina zuwa tasha, yayarta ke kai furar. Mai gawayi ya aiko magabata tun babi na biyu. A ƙarshe wani malami ya yi wa kowa nasiha. Na yi ta juya shafi ina neman ranar da jirgi bai zo ba, babu ita. Gyaran gangar Auzinawa, kuma ni ce na ba da umarninsa.

"Tsohhin hwa?" na tambaye ta da ta dawo. "Na hwarko?"

"Na ƙone su. Tsoro niy yi kar in riƙa leƙawa in koma ma kurakuraina." Ta durƙusa kusa da ni tana goge hannu da zane. "To, yanzu ya yi?"

Na dube ta. Fuskarta irin ta ɗalibar da ta san ta yi ƙoƙari. Idan na ciro takardar da ke jakata, na gaya mata ke nan ta ƙone abu mafi kyau da ta taɓa yi, a kan maganata, kuma don baƙin cikina. Ban iya ba.

"Ya yi," na ce.

Ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ta kawo mini biro da farar takarda. A kan tabarmarta na rubuta cewa na karanta wannan littafi daga farko har ƙarshe, ban ga aibu a cikinsa ba, Allah ya sa albarka. Gaskiya na rubuta, babu aibu ko ɗaya. Babin nan kuwa, mu biyu kaɗai muka taɓa karanta shi a duniya, kuma ɗayarmu har gobe gani take kuskure ne.