Injin korar tsuntsaye da na haɗa wa kawuna

Shekarun baya, ina sabon malamin lakkol, wato makarantar boko, a Filinge, ba ni da abin shaƙatawa sai kwance tsofaffin rediyo. Abin da na ɓata ya fi abin da na gyara yawa.

Wata damina hatsin kawuna ya yi kyau a gonarshi ta hanyar Damana, sai tsuntsaye suka sauka a kai. Shi kuma ciwon gwiwa ya hana shi zagaya gona, ɗiyanshi duk suna Yamai. Na iske shi zaune gindin aduwa yana buga kwano, murya ta dushe. Ya ce, "Ɗana, bana tsuntsaye na yi ma noma."

Na koma gida na ciro ɗan injin da ke juya kaset, na ɗaura mishi sanda mai dukan gwangwani, na haɗa da batirin moto da ƙaramin panon rana mai cajin batirin. Wayoyin kuwa murɗa su kawai na yi a kunnuwan injin, ƙananan ƙarafan da wuta ke shiga. Na kafa shi tsakiyar gona ina taƙama. Kafin la'asar iska ta zare wayar, har na ga tsuntsu zaune bisa gwangwanin.

Ran kasuwa na kai kukana wurin abokina mai gyaran salula. Ya yi dariya, ya ce, "Sai ka liƙe da dalma. Kankare kunnen hal shi yi haske, kuma kunnen za ka gasa, ba dalmar ba."

Na ce, "Gona babu kuran, babu lantarkin da zan gasa shi."

Ya ce, "Gawayin shayi fa?"

Haka aka yi, ya ba ni guntun dalma na koma gona. Na soka doguwar ƙusa a itace, na tura ta cikin garwashin shayin kawuna. Karon farko dalmar ta dunƙule ta faɗi cikin rairayi. Karo na biyu yatsana na gasa. A na uku na daure, na danna ƙusar a kunnen, na jira. Sai dalmar ta narke ta kwanta, ta rufe wayar tana sheƙi. Na ja da ƙarfi, ba ta motsa ba.

Da gwangwanin ya fara ƙara, garken tsuntsaye ya tashi gaba ɗaya. Kawuna ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Ashe ɓarnar taka tana da rana. Allah shi yi ma albarka."

Na ƙara haɗa biyu, muna sauya musu wuri don kar tsuntsayen su saba. Waccan shekarar rumbunshi ya cika.

Yau ina da kayan liƙi na kuran, aikina ya fi tsabta nesa. Amma wannan liƙin na ƙusa ne ya fara nuna mini cewa wasan hannuna zai iya ciyar da gida, kuma har yanzu in na tuna sai na ji daɗi ya cika ni.